Injiniya Taga-Cikin-Taga

Yabon gwani ya zama dole. Duk Kazaure, har ka dangana da Roni da Gwiwa, babu wanda ya san cikin kwamfuta kamar Injiniya Zaharadeen. Shi da kansa ya shaida mana haka, kuma wa ya fi shi sani? Injiniyancin ma ba wata makaranta ce ta wahala ta ba shi ba. Shi ya duba cancantarsa, ya ga ta kai, ya naɗa kansa. Ko a sahun sallah za ka gan shi da waya biyu a aljihu da igiyar caja a wuya kamar carbi.

Da ƙungiyar masu noman riɗi da zoɓo ta so a buɗe mata shafi a intanet, don dillalan Kano su riƙa ganin kaya da farashi, ai ba sai an yi cigiya ba. Injiniya ya karɓi aikin yana gyara zaman tabarau.

"Ku manoma ne," in ji shi, "ni kuwa mai shuka ilimi ne. Shafin da zan gina muku, Turawa ma sai sun zo kallo."

Ya kuwa gina. Shafi ɗaya ya yi wa basirarsa kaɗan, sai ya yanka shi taga-taga, ya cusa wani shafin cikin kowace taga, cikin waccan ma ya sake huda wata. Farashin riɗi yana can ƙuryar ƙurya, kamar amaryar da aka ɓoye. Daga nan 'yan gari suka raɗa masa Taga-Cikin-Taga, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Hajja Kaka, wata dattijuwa mai tara zoɓo a Gwiwa, ita ta fara kawo kuka. Ta ce in ta shiga shafin a wayarta ba ta iya fita. Ta latsa kibiyar komawa baya, sai wata tagar ta motsa, wadda take ciki ko gezau. Ta tura wa wani mai saye adireshin shafin zoɓonta, ya buɗe, sai ga shi a bakin ƙofa yana karanta tarihin rayuwar Injiniya.

"Hajja, da girmanki," in ji gwanin, "laifin yatsanki ne. Fasaha ba ta son hannun da ya saba da taɓarya."

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar ƙaddamarwa aka cika ɗakin taro. Shugaban ƙungiya, Alhaji Dunoma, ya sha wuya kafin ya shawo kan wani babban dillali, Alhaji Muhammadu Lawal, ya taso daga Kano da niyyar kwashe riɗin bana gaba ɗaya. Manoma sun baro buhuna jibge a gida, kowa da abin da ya ƙulla a ransa: wannan rufin ɗaki, wancan kuɗin makarantar yara.

Injiniya ya haska shafin a bango, ya yi jawabi har shayi ya huce. Ya ratsa taga bayan taga, ya wuce riɗi a guje, ya tsaya kan sashen da ya kira Jagoran Fasaha.

Dillalin ya ɗaga hannu. "Malam, koma mini baya in ga riɗin nan."

"Abu mai sauƙi, ranka ya daɗe."

Ya latsa kibiya. Sai ga hotonsa da hula zanna, yana nuna sama da yatsa. Ya sake latsawa. Ga shi da jar dara, ya riƙe haɓa yana tunanin makomar Afirka. Ya ƙara. Ga shi da hular sanyi a gaban motar da ba tasa ba. Ashe tagar hotunan ce ta cinye kibiyar, kowace latsawa sai ta miƙo wani Injiniyan. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Injiniya ya juyo ga jama'a. "Wannan matsalar daga Amurka take," ya ce. "Na sha gargaɗinsu a kan burauzar nan da ake buɗe shafi da ita, ba sa jin magana."

Ya ci gaba da dukan maɓallin kamar mai sussukar gero. Huluna suka yi ta wucewa a bango. Daga can bayan ɗakin aka ji muryar Hajja Kaka: "A yi masa uzuri, jama'a. Wataƙila shi ma taɓarya ya riƙe da safe."

Dillalin ya miƙe, ya karkaɗe babbar rigarsa, ya ce da Alhaji Dunoma shi riɗi ya zo saye, ba kan Injiniya ba. Kafin la'asar motocinsa sun yi lodin riɗin wasu manoman a Babura. Manomanmu suka watse, wasu ko sallama babu. Riɗinsu sai daga baya 'yan sari suka ɗauka a yadda suka ga dama.

Amma kada a zalunci bawan Allah, shafin ya yi ciniki. Bayan an kwana biyu wani mutum ya bugo waya daga Roni, ya ce ya shiga shafin ya kasa fita, har ya ƙare wa kayan kallo tsaf. Injiniya ya gyara murya, ya tambaye shi buhu nawa yake so.

Mutumin ya ce a'a, jar darar nan yake tambaya, ko ta sayarwa ce.