Rasuwar Zurfi, Mazaunin Layi na Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Anti Babba ta ɗakin masu rubuta manhaja, mai teburin jikin taga, tana sanar da abokan aiki rasuwar Zurfi, wanda ya kwanta dama ranar Talata bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ɗan ƙaramin ma'aji ne mai riƙe da lamba ɗaya tak, a saman fayil ɗin manhajar nan da ke rubuta wa ofishin sauran manhajoji. Aikinsa ya tuna taku nawa kowane layi zai matsa ciki daga gefen shafi. In an shiga ƙarƙashin wani sharaɗi, a ƙara masa ɗaya. In an fito, a rage. Matsawar nan kuwa ba ado ba ce, ita ke nuna wane umarni ke ƙarƙashin wane.

Anti Babba ta rubuta shi ne da goyo a baya, ƙafa na jijjiga, hannu na bugawa. 'Yar goyon yau har ta fara yi mata gyaran magana. Tun daga ranar Zurfi bai taɓa neman hutu ba. Ƙofarsa a buɗe take ga kowa, kowane sashe na manhajar yakan miƙo hannu ya canja shi ba sallama, bai taɓa cewa uffan ba. Sautinsa ɗaya da za a iya tunawa shi ne na taku huɗun da aka gwada shi da su a madannin kwamfuta ranar farko: ƙas, ƙas, ƙas, ƙas.

Ciwon ajali ya same shi a watan jiya. Wani ya ƙara masa ɗaya, ya fice bai rage ba. Daga nan layukan da suka biyo baya suka zame ciki, har umarnin aika saƙo na wani asibiti ya faɗa inda ba wurinsa ba. Marasa lafiya ɗari uku suka sami saƙon cewa likita na jiransu safiyar Litinin. Suka zo kuwa, har da tsohuwar da aka ɗauko a kujera. Anti Babba ta je da ƙafarta ta tsaya a bakin ƙofar asibitin tana ba mutane haƙuri har azahar. Wannan kunyar ba ta musanta ta.

Abin da take musantawa shi ne hukuncin da aka yanke a taro. Shugaban sashe ya nuna allo ya ce, “Anti, abin nan naki ya tsufa. Kowa na taɓa shi, shi ya ja mana.”

Ta ce, “Yallaɓai, ka faɗa da bakinka. Shi aka taɓa, shi bai taɓa kowa ba.”

Ta riga ta duba tarihin fayil ɗin, ta ga sunan wanda ya manta ragin, yana zaune a kan kujerar da ta fi kowace tsawo a ɗakin. Ba ta ambace shi ba. Kallonsa kawai ta yi har ya nemi ruwan sha.

Duk da haka ta san ƙofar da ba ta da sakata wata rana za a sake shigowa. Don haka da aka ce a ba wani aikin cire Zurfi, ta ce hannun kowa ba zai hau kansa ba sai nata. Kwana tara tana bin wurare sittin da biyu da ke kiran sunansa, tana kwance su ɗaya bayan ɗaya.

Marigayin ya bar 'ya'ya uku, Shiga da Fita da Rubuta. An mayar da su sabon gida inda kowane aiki ke riƙe da lambarsa shi kaɗai, kuma duk wanda ya shiga, ragin na biyo shi ko ya manta. Anti Babba na so a sani cewa gidan ya fi na da kyau, kuma ita ta gina shi.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe a teburinta, inda za ta goge layin da yatsanta. Kowa ya zo da kujerarsa. Ba a buƙatar jawabi daga waɗanda suka yi dariya a taro. Wanda ya ba da shawarar a rubuta “an kwashe shara” a littafin canje-canje, ya riƙe shawararsa. Abin da za a rubuta ta riga ta buga shi: “An sallame shi, ba a kore shi ba.”