Ramin da ke tsakiyar kaina

Har in mutu da gaske ba zan manta ranar da na yi bankwana da duniya alhali lafiyata lau ba.

Ciwon kai ne ya matsa mini, aka tura ni Birnin Kebbi ɗaukar hoton kai, irin wanda ake zura mutum cikin na'ura kamar burodi a tanda. Aka ba ni hoton, aka ce in kai wa likita washegari. Tun a motar Argungu na zare shi na kanga a taga (ni da ko takardar magani ba na iya karantawa). Sai ga wani baƙin rami a tsakiyar kaina, dab da ƙwaƙwalwa. Na ce shi ke nan, wani abu ya cinye ni.

Ina isa gida na tara iyali. Babur na ba ƙanena Bello kyauta. Na juya ga matata Hadiza na ce: "Ki yafe min. Duk ranar da na ce na ƙoshi, wurin mai kifi na biya. Miyarki ce ba ta yi min." Ta yi kuka, ta yafe.

Da safe ita da Yaya Umaru suka raka ni, kowa ya riƙe hannu ɗaya. Likitar a Sudan ta yi karatu. Na nuna mata ramin na ce, "Kada ki ɓoye min, kwana nawa suka rage?"

"Wanga? Kogon iska ne a bayan hanci, kowa na da shi. Can Sudan mun duba hotunan mutane da yawa: na wani ɗan tsito, na wani a karkace. Naka dai Allah Ya yi shi da faɗi. Ciwon kan kuwa, tabarau kake buƙata."

Yaya ya gyara zama. "Likita, wato iska ce cikin kan nashi?"

"Wurin dai, e."

"To, mun daɗe da sani."

Hadiza ta saki hannuna. Sati guda ina cin gaya ba miya. Bello kuwa tuni ya fara kabu-kabu da babur a hanyar Ambursa, ya ce kyauta ba ta komowa.

Na dai koyi darasi: hoton asibiti a bar wa likita. In kuma za ka nemi gafara, ka nema a dunƙule, kada ka shiga bayani.