Ba-Irinka da Bugun Farko

Shekarunsa hamsin da biyu, kuma shi ne shugaban wata ƙungiyar wayar da kai kan ciwon daji, wadda shi ya kafa ta, shi ne kuma kakakinta. Mu 'yan jarida ne muka raɗa masa suna Ba-Irinka. Mun yi don tsokana, shi kuwa ya kai wa mai rubutun allo, aka rubuta masa a ƙofar ofis.

Asalin sunan daga wani gwajin jini ne. A jikin ƙwayoyin halittar mutum akwai wani tambari, likitoci na ce masa HLA. Da shi garkuwar jiki take tantance na gida da baƙo, kuma wasu ƙwayoyin ciwon daji kan ɓoye nasu don su wuce ba a gan su ba. Shekarun baya an duba na shugaba a wani taro, ma'aikaciyar da ta duba ta ce nasa ba kasafai ake ganin irinsa ba. Abin da ta faɗa ke nan. Kafin ya isa bakin titi, maganar ta zama babu irinsa a duniya.

Da wannan ya yi suna. Duk lacca, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Jama'a, ku ba da ɓargo ku ceci rai. Ni da kuke gani, da na ba da tuni, amma wa zan ba? An duba, ba a samu wanda jikinsa zai iya ɗaukar nawa ba." Sai a tafa. Mu kuma mu rubuta. Babu wanda a cikinmu ya taɓa tambayar wa ya duba, domin a ƙarshen laccarsa akan raba lemo mai sanyi.

Shugaba yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, mai facin taya a bakin hanya. A gida yana ce masa Yaya. A gaban baƙi kuwa, "wani ɗan'uwanmu ne." Bara Yaya ya fara ramewa, yana haki in ya ɗaga mota da jak. Asibiti suka ce sankarar jini ce, kuma ba abin da zai tsayar da ita sai dashen ɓargo daga wanda tambarinsa ya dace da nasa. Aka gwada 'ya'yansa da ƙannensa mata, ba a dace ba. Saura mutum ɗaya.

Shugaba ya je gwajin da fara'a, don ya san amsar. Har ya yi wa matar wansa jaje tun a hanya. Da sakamako ya fito, likita ta ce tambarinsu ɗaya ne sak, ko garkuwar jikinsu da ƙyar za ta bambanta su.

Ya ce a sake. Aka sake. Ya ce injin ya tsufa, aka kai wani wuri, amsar ba ta canja ba. Daga nan tarurruka suka yi masa yawa, wayarsa kuma ta daina shiga. A gadon asibiti kuwa, Yaya yana ta ƙanƙancewa.

Matar Yaya ba ta yi rigima ba. Ranar laccarsa ta gaba ta zo ta zauna a layin farko. Da ya dafa ƙirji ya kai kan "wa zan ba?", sai ta ɗaga hannu kamar ɗaliba.

"Auta, ɗaki na biyu in ka hau bene. Yana jiranka."

Ranar ce muka fara jin ana ce masa Auta. Ya dubi kyamarorinmu, ya dubi ƙofa, ya ga kyamarorin sun fi kusa. Ya gyara murya ya ce dama albishir ɗin da ya tara mu ya yi mana ke nan: zai ba wansa ɓargo.

Ranar ɗibar, muka cika barandar asibiti. Ya shigo da sabbin kaya, ya yi jawabi kan jarunta, ya miƙa hannu. Yana ganin allura ya sulale. Da ya farfaɗo, an riga an haɗa shi da injin da ke tace ƙwayoyin ɓargo daga jini, tambayarsa ta farko ita ce ko an ɗauki hoton. An ɗauka.

Dashen ya kama. Da aka bar mutane su ga Yaya, ya leƙo ƙanensa ta saman takunkumi, ya ce, "To, Auta, tunda iri ɗaya ne kuma na riga ka zuwa duniya, ashe kai ne kwafin." Matarsa ta yi dariya har da hawaye. Shugaba ya ce yana da taro.

Jiya ya bugo waya ofishinmu da bayani. Ya ce mu da muke aikin ɗab'i mun fi kowa sani: bugu na biyu shi ne wanda aka gyara kurakuran na farko. Muka yi dariya har edita ya ƙware. Sannan muka ba shi shafin farko, shi kuma ya aiko da lemo.