Sunan Malam a Jikin Kofi

Har yau na kasa ba kaina amsa: me ya sa bakina ya faɗi sunansa? Shekara arba'in ina gidan Malam, kunya ba ta bar ni na kira sunansa ba ko sau ɗaya. Amma ranar nan, wadda ba zan manta ba har in bi shi, na faɗa wa baƙuwa.

Kwana uku da fitata takaba, 'yata Rabi (ita ke rubuta min wannan) ta ɗauko ni daga unguwarmu ta Mahjar, wai in sha iska. Ta sauke ni a irin shagon gahawar nan mai rassa ko'ina a Jidda, ta ce, "Ummi, riƙe mana layi, in nemo wurin ajiye mota."

Layi har bakin ƙofa, ba ya motsi. Ga sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Kowa ya sunkuyar da kai kan waya, fuskoki sun yi shuɗi, ba sallama, ba tari. Can sai a kira suna, mutum ɗaya ya fita daga cikinmu, ya karɓi nasa, ya ɓace. Na tuna wa'azin ranar hisabi.

Sai da ƙafafuna suka kumbura na iso gaba. Mai sayarwa ta ɗaga kofi da alƙalami. "Ismik, ya khala?"

Ni kuwa duk inda ake tambayar suna, wurin iƙama, takardar zaman ƙasa, ne ko asibiti, Malam ke amsawa, ina bayansa. Na waiga, ba shi. Sai na ji bakina ya ce, "Haruna." (Rubuta, Rabi, ba zan maimaita ba.)

Mai sayarwa ta rubuta a jikin kofin, ko gira ba ta ɗaga ba. Na koma gefe cikin masu jira.

"Haruna!"

Mai sayarwa ta ƙara ɗaga murya.

"Haruna!"

A kira na uku, wallahi, na ji "Na'am" dab da kunnena na hagu, da dusasshiyar muryar nan da Malam ya samo a tashar jiragen ruwa. Gyalena har ya motsa. Ban san lokacin da na kurma ihu ba: "Ya rasu! Mat! Ku daina kiransa, kada ya taso!"

Duk kawunan suka ɗago. Mai sayarwa ta daskare da kofi a sama. Wani dattijo ya ce, "Allah yarhamu, ya hajja," sauran suka bi. A haka Rabi ta shigo ta tarar da uwarta tana karɓar gaisuwar mutuwa a layin gahawa.

"Ummi! Wa kuma ya mutu?"

Abin da na koya: tsohuwa ta haddace sunanta kafin ta fita. Yanzu a mota nake bitar nawa.

Kofin kuwa na kawo shi gida, ban sha ba, na kife masa faranti. Rabi ta ce in zubar, na ƙi. Safiyar da Malam ya fita bai dawo ba, na zuba masa gahawa ke nan, ya juyo daga bakin ƙofa ya ce, "Rufe min ita, Hajiya, kada ta huce. Yanzu zan dawo."