Rasuwar Mai Ƙugu, Motar Terhemba

Da zuciya cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga nufin Ubangiji, Terhemba mai sayar da taki a Azuba yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, wadda duk Lafia ta sani da Mai Ƙugu. Ta cika ranar Asabar, a Disambar 2007, a hanyar wani ƙauye bayan Assakio.

Marigayiyar ta zo daga Kwatano siririya, mai kunya. Terhemba ne ya ga ta cancanci fiye da haka, ya kai ta wurin Na'Allah fanal-bita, mai gyaran jikin mota, aka buɗa mata kafaɗu, aka ƙara mata ƙugu, aka sa mata tayoyi masu faɗi, aka yi mata jan fenti. Da ta dawo sai da aka rushe ƙofar gida kafin ta shiga.

Tun daga nan gari ya rabu biyu. 'Yan acaɓa na yi mata jinjina, ɗaliban jami'a na Shabu na ɗaukar hoto a jikinta. Abdulsalami bakanike kuwa ya ce an lalata lafiyayyiyar mota, uwargida Mnena ta ce kamar kwaɗo ya ƙoshi. Marigayiyar ba ta taɓa ramawa ba. Iyakarta "gurum-gurum" da safe, sai "ƙiii" in ta goga ciki a kan tudun titi.

Ajali ya same ta tana ɗauke da Mnena da kulolin shinkafa zuwa bikin ƙanen uwargidan. Kwalbatin ƙauyen an yi shi ne daidai motocin da suka tsaya yadda aka ƙera su. Tayar hagu ta nemi ƙasa ta rasa, marigayiyar ta kwanta a rafi a hankali, ta ce "fusss". Kowa ya fita lafiya, ban da shinkafar. Surukai sun ci biki da rogo, kuma har yau ba su gama yafewa ba.

Ta bar miji ɗaya, tayar safaya ɗaya, kaset da ya maƙale a rediyo, da ƙofar gida da ta fi ƙarfin gidan.

Za a yi zaman makoki ranar Juma'a a garejin Abdulsalami, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauke ta da yamma. Ana roƙon Na'Allah, in zai zo, ya bar abin awonsa a gida, domin Mnena ta lura da irin kallon da maigidan ya fara yi wa babur ɗinta.