Injin Kifin Kaka

"…gajiya ta bi lafiya? Ina fa! Dubi ƙafata, tsohon miji, shago huɗu na zaga saboda kai."

Kakana ke nan nake gaya wa. Na same shi a bakin ɗan tafkin da ke lambun bayan gida, yana kamfatar ruwa da bokiti yana mayarwa, don kifi su sami iska. Kifin marigayiya Kaka ne. Tara ta bari, tun da injin da ke juya musu ruwa ya mutu ruwan ya yi kore, yanzu saura huɗu, duk sun taso sama suna buɗe baki. Wallahi tausayi ya ba ni, amma ai ba a nuna masa.

Ya leƙa ledata. "Wannan ne injin? Amarya, ko dai dutsen guga kika sayo?"

"Shi mai shago ya ce. A cikin ruwa ake ajiye shi, yana juya ruwan a hankali, ga raga a bakinsa."

"Shekara arba'in ina noman rani. Injin da ba ya ruri ba inji ba ne!"

"Mun ga mai rurin ai. Wa ya aro injin ban-ruwa shekaranjiya, ya kwashe rabin tafki ya zuba wa tumatir? Har da kifi guda ta tiyo!"

"Yawo ya fita."

"A cikin gonar tumatir? Allah ya jiƙansa."

"Ke dai raguwa ce. Da ƙarfina na dā, da hannu ɗaya zan juya ruwan nan."

"Da hannu biyu ma ga shi kana dafe ƙugu. Matsa, angon ƙarni. Ɗan hakin da ka raina…"

"Idona lafiya lau. Saka mu gani, in ya gaza na sake ki."

"Saki na nawa ke nan? Na goma sha biyu a watan nan."

Na naɗe hannun riga, na zura injin ƙasa, na jona waya. Shiru. Ya buɗe baki zai yi dariya, sai ruwa ya fara tsiyaya daga ɗan tiyon injin, siriri, yana faɗawa kan duwatsu. Can sai babban kifin ya rufe baki ya nutse, sauran suka bi shi.

Tsoho ya saki bokitin, ya zauna daɓas a kan dakali.

"Kwana shida ban rintsa da rana ba," ya ce. "Tsoro nake su ƙare a hannuna."

"Ba za su ƙare ba."

Ya goge ido da hula, ya yi 'yar dariya. "Jawo kujerar can ki zauna."

"Ta Kaka? Wadda ka hana kowa taɓawa?"

"Na ba ki, mummuna. Kin ci. Zauna ki huta da ƙafar."