Inna Batulu da Motar da Ke Tashi Ba Direba

"Lafiya lau, maigida. A cikin injin ka kwana ne? Fuskar nan taka kamar gindin tukunya."

"Ke dai amarya ki amsa gaisuwa ki wuce. Aikin masu haƙora ake yi a nan."

Inna Batulu kuwa ina za ta wuce! Ta kife turmi a ƙofar gida ta zauna, ta zuba wa jikanta Safiyanu ido. Kwana uku ke nan ya girke a-kori-kurar Alhaji Hadi na Basirka a gaban gidanta da ke bakin Birnin Kudu, hancin motar na kallon bangon ɗakinta, wayoyi duk ya zazzago su waje. Wannan ne aikinsa na farko tun da ubangidansa ya yaye shi, ko gareji bai samu ba tukun. Da azahar Alhaji zai zo. In abin ya burge shi, aikin sauran motocinsa uku ya zama na Safiyanu. In ya kwaɓe, ƙasar su Alhaji ta Gwaram kaf sai ta ji.

"Wai mene ne kake cusa mata a ciki?"

"Rimot. Alhaji na kan tabarmarsa yana shan shayi zai danna, mota ta tashi da kanta."

"Ba kowa a ciki?"

"Ko ƙuda."

"To wa zai yi mata bisimilla?"

"Mai dannawa mana."

"Daga nesa? Ai ba za ta ji ba. Ba ni in gani." Ta karɓi ɗan abin ta jujjuya, ta kai kunne ta girgiza. "Wannan ko ƙwallon goruba ya fi shi nauyi. Ƙarya kake, aljani ka ɗaure a ciki."

"Aljanin ai ke na aura. Kada ki danna, ban gama ba!"

"Kai ka aure ni? Da wane sadakin? Mijin da a bayana ya yi fitsari har ya shekara biyu! Faɗa min, in an danna, nan take take kamawa?"

"A'a, mai shan gas ce. Sai hita ta ɗumama injin, kamar ƙirga goma, sannan ta buga."

"Ashe irina ce, sai ta ji ɗumi take tashi."

"Ke ai ko an kunna miki wutar kara sai an tura."

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Amma tambaya ba ta ƙare mata ba, don Inna Batulu mace ce da ko rediyo ta taɓa kwancewa don ta ga inda mai labarai yake zama.

"Kakanka, mijina na gaske, shekara talatin yana jan babbar mota zuwa kasuwar Sara. Kullum in ya hau, kafin ya taɓa makulli sai ya kama sandar nan ta tsakiya ya girgiza ta, haka, haka. Na ɗauka gaisawa suke. Ran nan na tambaye shi, ya ce direban ƙauye ba ya yarda da birkin hannu, a giya yake barin mota ya sa mata dutse, shi ya sa sai ya girgiza sandar ya tabbatar ta fita daga giya kafin ya tayar. To yanzu da ba kowa a ciki, wa zai girgiza sandar?"

Safiyanu ya juya. Ya dubi motar, ya dubi bangon ɗakin. Ya tafi sumui-sumui ya leƙa ta taga. Sandar tana giya ɗaya, yadda direban Alhaji ya bar ta. Gumi ya karyo masa. Shi da ya shirya ya tsayar da Alhaji can nesa, ya miƙa masa rimot ya ce ya danna da hannunsa!

"Maigida, ya na ji shiru? Ko aljanin ya tsere?"

"Inna…"

"Au, yau kuma Inna na zama? Ina amaryar?"

"Da an danna, da ta zabura ta shigo miki har kan gado."

"Da na samu baƙuwa. Sai in shimfiɗa mata tabarma."

Tsoro ne sosai ya kama shi, da kunya. Ya cire sandar daga giya ya mayar da ita firi, ya zauna a bakin ƙofar motar yana share wuya.

"Sai na ƙara wata waya, yadda ba za ta tashi ba sam in tana giya. Zan kira Alhaji in ce ya bari sai gobe."

"Ka ce masa uwargidanka ce ta duba aikin ta ce da saura."

"Ki rufa min asiri. Me kike so? Tsire? Atamfa?"

"Tsire da waɗanne haƙoran? Ni dai in danna."

Ya sake girgiza sandar har sau uku, ya sauko ya tsaya kusa da ita. Inna ta yi bisimilla da ƙarfi don motar ta ji, ta danna da babban yatsa, tana ƙirga a fili. Tana kaiwa tara injin ya kama, gurrr, motar na tsaye cak a inda take. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse.

Safiyanu ya fashe da dariya, ya durƙusa a gabanta.

"Na sallama, amarya. Daga yau ke ce mai garejin, ni yaronki ne."

"To yaro, tashi ka wanke fuska, kada ka kore min masu kawo aiki."